Ka Fara da Birki Kafin Ka Nemi Inji

Ƙannena masu sha'awar haɗa ɗan babur ɗin lantarki na tsaye da tarkacen gida, ina so in nuna muku inda na yi tuntuɓe don kada ku bi ta nan. Guda uku na haɗa da hannuna. Na ukun ne kaɗai nake yarda wani ya hau, kuma bambancinsa da na baya bai wuce abin da na fara yi da abin da na bari sai ƙarshe ba. Da farko duk hankalina yana kan inji: wane inji zan samu, gudu nawa zai yi. Birki da firam da fis na ɗauke su ƙananan abubuwa da za a ƙarasa daga baya. To, su ne suka kusa raba ni da haƙorana, suka kuma kusa cinna wa ɗakina wuta.

Na farkon da injin huda katako mai batir na yi shi, mai bolt 18. Na ɗaure shi a bayan wani tsohon keken yara, bakinsa yana gugar taya. Da na ɗaga tayar sama na danna, sai ta riƙa juyawa kamar za ta tashi, murna ta cika ni. Da na hau, ban yi minti biyar ba ƙaurin roba ya buge ni, hayaƙi ya fara fita ta ramukan iskarsa. Irin wannan inji an yi shi ne ya yi aikin daƙiƙa goma ko ashirin ya huta, ba ya ɗauki nauyin mutum ba tsayawa ba. Injin waifar mota ma na gwada. Yana da ƙarfi, amma juyinsa wajen 60 ne a minti, kuma ga lissafin da ya kamata in yi tun kafin in kwance shi: taya mai inci 8, zagayenta kusan santimita 64 ne. Juyi 60 a minti bai kai mita 40 ba, wato ƙasa da kilomita biyu da rabi a awa, mai tafiya a ƙafa ma zai wuce ka. In kana son kilomita 20 a awa, sai tayar ta yi juyi wajen 520 a minti. Injin da ke juyi 3,000 kuwa sai ka rage shi kusan kashi shida da sarƙa, ƙaramin haƙori a bakin inji, babba a jikin taya. Biro da takarda kawai wannan ke buƙata, amma ni sai da na ƙona inji kafin na zauna na yi.

Na biyun na samu inji mai bolt 24, wat 250, daga wani lalataccen babur ɗin wasan yara. A nan ne maganar batir ta shigo, kuma ina roƙonku ku karanta wannan wurin a tsanake.

Na farfasa tsofaffin batiran kwamfutar hannu na ciro ƙwayoyin da ke ciki, waɗanda ake kira 18650 saboda kaurinsu milimita 18 ne, tsawonsu 65. Kowace ƙwaya tana ba da kusan bolt 3.6, in ta cika tana kai 4.2, kuma ba a so ta wuce haka ko kaɗan. Na jera rukuni bakwai, kowane rukuni ƙwaya uku, ƙwaya 21 ke nan. Kuskure uku na tafka a lokaci ɗaya. Na haɗa ƙwayoyin da ba sa'o'in juna ba ne, wasu da sauran ƙarfi, wasu sun gaji, har da biyu da mita ta nuna sun faɗi ƙasa da bolt 2, na ce caji zai farfaɗo da su. Na liƙa waya da dalma kai tsaye a kansu, ina danna ƙarfen zafi har sai ta kama, ban san zafin yana lalata abin da ke ciki ba. Masu aikin sukan yi amfani da siririn ƙarfen nikel da waldar ɗigo ne. Sannan ban sa ɗan allon nan mai tsaron batir ba, wanda ake rubuta BMS a jikinsa, mai lura da kowane rukuni ya yanke wuta in ɗaya ya cika ko ya yi ƙasa da yawa. Caja ba ta ganin rukuni ɗaiɗai, jimla take gani, bolt 29.4. Rukuni mai rauni yakan riga sauran cika, ya wuce 4.2, ita kuwa tana ta ɗura masa wuta don jimla ba ta kai ba.

Ga kuma wani abin: ƙwayar kwamfuta an yi ta ne ta ba da wuta kaɗan-kaɗan na tsawon lokaci, amfiya huɗu ko biyar ma ta ji jiki. Injina yana jan wajen amfiya 10 a tafiya, a tashi ko hawan tudu yakan ninka biyu ko uku. Kullum na sauka batirin da zafi, ina ɗauka haka abin yake.

Wani dare na bar shi a caji kusa da ƙofa na kwanta. Allah ya sa ban yi nisa da barci ba. Wani wari mai ɗan zaƙi-zaƙi, kamar na maganin goge farce, shi ya tashe ni. Na haska fitila, na ga robar da na naɗe shi da ita ta narke a gefe ɗaya, ana jin wani siririn huci yana fita. Na zare caja, na kwashe shi da shebur na kai waje kan yashi, hannuna yana rawa. Ba a jima ba ƙwaya ɗaya ta yi tsartuwar wuta, ta kunna ta kusa da ita, haka suka riƙa kamawa ɗaya bayan ɗaya. Ƙofar da na ajiye shi a bakinta ita ce kaɗai mafitar ɗakin. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Kada ku yi cajin batirin litiyam kuna barci, kada ku yi a bakin hanyar fita, kuma ƙwayar da ta kumbura ko ta lotsa ko ta faɗi ƙasa da bolt 2 ta gama aiki, a kai ta inda ake karɓar matattun batira.

Bayan wannan na koma batirin dalma, irin ƙananan nan masu bolt 12 na na'urar riƙe wutar kwamfuta, guda biyu a jere. Sun fi nauyi, ba sa kai mutum nesa, amma ga mai koyo sun fi sauƙin sha'ani. Na ɗauka na tsira. Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

Tsakanin batir da inji akwai ƙaramar kontirola mai daidaita gudu, tana kunna wuta tana kashewa sau dubbai a daƙiƙa. Abin da ban sani ba shi ne, in ta ƙone a irin wannan inji mai burushi (ƙananan gawayin da ke kai wuta ga ɓangaren da ke juyawa), sau da yawa a haɗe take mutuwa, wato ta saki dukan wutar batir ga inji, totur ya daina jin magana. Haka ta yi mini ina kan gangara. Na saki totur, babur ya ƙara wuta. Ba makunnin gaggawa, ba fis, birkina kuwa tafin takalmi ne a kan tayar baya. A kilomita 20 a awa mutum yana cin fiye da mita biyar da rabi kowace daƙiƙa, kafin ka gama tunanin abin yi ka wuce tsawon ɗaki. Kuma in gudu ya ninka biyu, tazarar tsayawa ninki huɗu take yi. Ƙaramar taya ba ta yafe rami: ta gaba ta faɗa wani ɗan gurbi, bututun ruwan da na yi sandar riƙewa da shi ya karye daidai wurin zarensa, inda ƙarfen ya fi siranta. Na sauka a kan haɓa da tafin hannu. An yi mini ɗinki, wuyan hannuna ya yi makonni a ɗaure. Hular kwano tana rataye a ɗaki, na ce ai gwaji ne na minti biyu.

Abin da ya fi yi mini ciwo ina kwance ina jinya shi ne, da safiyar ranar ƙanina ya roƙe ni ya hau, na ce ya bari sai yamma.

Da na warke na juya tsarin aikin gaba ɗaya. Na fara da firam: na ɗauki gaban tsohon keke yadda yake, da wuyansa da cokalinsa, domin masu ƙera shi sun riga sun yi shi don ya ɗauki jijjiga, na kai wa ƙwararren mai walda ya haɗa da wurin tsayawa. In ƙarfen mai rufin tutiya ne, a kankare rufin a yi waldar a sarari, hayaƙinsa yana sa zazzaɓi. Na sa birkin keke gaba da baya. Mako guda ina tura shi da ƙafa ba inji ba batir, ina sauka gangara ina damƙe birki, ina duba kowace walda ko ta tsage. Sai da na gamsu sannan wuta ta shigo: fis dab da kan batir kafin komai, makunni a inda babban yatsa zai kai ba tare da na saki hannu ba, da hannun birki mai yanke wutar inji da zarar an taɓa shi. Wayoyi masu kauri na sa, don zafin waya yana ninka huɗu in wutar da ke bi ta ciki ta ninka biyu. Shi ya sa ma bolt 36 ya fi: wat 250 a bolt 12 yana jan kusan amfiya 21, a bolt 36 kuwa wajen 7 ne kawai.

Inji ne ya zo ƙarshe, tayar wani lalataccen allon hawa mai ƙafa biyu, wadda injinta ke cikin cibiyarta, ba sarƙa ba burushi. Batirin kuwa haɗaɗɗe na saya da allon tsaronsa da cajarsa, wannan ɓangaren na daina nema a cikin tarkace. Na taƙaita gudun a kilomita 20 a awa, wanda shi ne iyakar da dokar Jamus ta sa wa irin waɗannan babura a 2019. A Faransa 25 ne. Ku binciki dokar inda kuke kafin ku hau titi da abin da kuka haɗa.

Ranar gwajin farko na ɗora shi a kan bulo, taya a sama, na murɗa totur har ƙarshe na damƙe birki, na ga ta tsaya cik. Na maimaita da makunni. Na yi haka sau ashirin, sannan na ɗaura hular kwano, na sa safar hannu, na fita fili inda ba mota. Sai bayan wata guda ina hawa kullum, ina taɓa batir da wayoyi ina jin su da sanyi, na kira ƙanina na miƙa masa hular.