Hoton amarya na cikin ɗaki: ku ƙirga kwafin da kuka bari a baya

Ƙannena masu shigowa sana'ar hoto, akwai aikin da ya fi sauran nauyi: hoton amarya a cikin ɗaki, ranar lalle ko bayan kwalliya, kai ba ɗankwali, wani lokaci da kayan barci, wanda ta ce don angonta kaɗai take so. Idan ya fita, aure na iya mutuwa, kuma mai kyamara za a fara nema.

Abin da ya fi cin mu a sana'ar nan shi ne zaton hoto yana wuri ɗaya. Da zarar an danna kyamara yana kan katin memori. An juye shi a kwamfuta, ya zama biyu. Lightroom, manhajar gyaran hoto, yana ajiye nasa ƙananan kwafin na dubawa, waɗanda kan saura ko an goge ainihin fayil ɗin daga babbar ma'ajiya, muddin ba a cire hoton daga cikin kundin manhajar ba. Mai gaggawa kuma ya tura shi wayarsa ta Wi-Fi, Google Photos ya ɗauke shi zuwa intanet ba tare da ya tambayi kowa ba. Ko an goge shi a can, yana zaune a kwandon shara har kwana 60. A iPhone kwana 30. Don haka irin wannan hoto kada ya taɓa shiga wayarku, ko da na minti ɗaya ne.

Katin memori shi ne inda aka fi yin sakaci. Fomatin na yau da kullum ba ya share hotuna, jerin sunayensu kawai yake sharewa, kuma manhaja ta kyauta irin PhotoRec tana dawo da su cikin sauƙi. Yaron shagon da kuka ara wa katin ya je suna da shi zai iya yin haka. Ku ware kati ɗaya don wannan aiki, ba a ara shi. Bayan an miƙa hotuna, a yi masa fomatin mai zurfi idan kyamarar tana da shi, kamar yawancin na Canon. In babu, a cika shi fal da bidiyon bango sannan a sake fomatin. Kwamfuta kuwa a kulle ma'ajiyarta da BitLocker, FileVault ko VeraCrypt. Kalmar sirrin shiga Windows kaɗai ba ta hana mai gyara ya zare ma'ajiyar ya karanta ta a wata na'ura.

Wajen miƙawa, filashi a hannun amaryar da kanta ya fi komai. Ba a ba ƙawa, ba a ba dangin ango. Hanyar Google Drive (wato link) da aka buɗe wa duk mai adireshin, da an tura ta sau ɗaya ta fita daga hannunku. WhatsApp kuma, idan aka aika hoto a matsayin fayil, yana tafiya da bayanan da ke ɓoye cikinsa: ranar ɗauka, irin kyamara, har wurin da aka ɗauka idan GPS na kunne. A cire su tun wajen fitar da hoton. Wankewa a waje ma tana barin kwafi a kwamfutar mai injin. Ku tsaya a kansa har ya goge, ko ku wanke da naku.

A cikin ɗakin, mace ce ta fi dacewa ta riƙe kyamara, kuma a duba madubi kafin a danna, don yakan kamo ƙawayen da suka cire mayafi ba su san suna ciki ba.

Izini na amarya ne, ko da ango ne ya biya kuɗin. A rubuta a takarda wane hoto aka yarda a sa a Instagram, da ranar da za ku goge naku kwafin, ta sa hannu. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba ta damar janye izinin daga baya, sai ku sauke hoton idan ta nema. Yarinyar da ba ta kai shekara 18 ba kuwa, kada ku karɓi irin wannan aiki ko nawa aka taya.