Ɗakin atisaye a Garwa: abin da nake sayarwa da yadda nake haɗa shi

Shagona ɗaki biyu ne da rumfa a bakin titi, cikin garin Garwa da ke arewacin Kamaru. Wanda ya leƙo ya ga tebura da tabilet-tabilet da 'yan tsofaffin kwamfutoci sai ya ɗauka wurin shiga intanet ne. Ko ɗaya daga cikinsu ba ta hawa intanet. Abin da ake yi a nan shi ne atisayen karatu: yaro ya zauna, na'ura ta yi masa tambaya, ya ba da amsa, nan take ta gaya masa ko ya dace ko ya kuskure, ta kuma nuna masa inda ya karkace. In ya gane ya wuce gaba. In bai gane ba ya sake, babu mai tsawata masa, babu mai yi masa dariya. Akwai lissafi, fizik, shimi (kimiyyar sinadarai), kimiyyar halittu, Faransanci, Ingilishi, tarihi da labarin ƙasa, tun daga ajin ƙarshe na firamare har ajin Bak, wato jarrabawar gama sakandare.

Kafin wannan sana'a lissafi nake koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban ajin da ya haura yara 80 ya san abin da zan faɗa. Manhajar karatu tana da ranar gamawa, malami yana gudu da ita, wanda ya faɗi a hanya ya faɗi ke nan. Yaron da lissafin kaso ya shige masa duhu a shekararsa ta farko a lise, wato sakandare, haka zai ja wannan duhu har ajin BEPC, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, ana ta ɗora masa sabon gini a kan rami. Da aka rufe makarantun Kamaru a watan Maris na 2020 saboda korona, gidan talabijin na CRTV ya riƙa watsa darussa ga masu shirin jarrabawa. An yi ƙoƙari, amma talabijin ba ya jiran kowa, ba ya kuma tambayar mai kallo ko ya gane. A lokacin ne na fara tara yaran maƙwabta ƙalilan a zauren gidanmu da kwamfuta ɗaya, daga nan abin ya zama abin ci da iyali.

Iyaye ba su cika gane tsarin ba sai na kawo musu makarantar allo. Wani dattijo da ya kawo jikansa ya tambaye ni: "Malam, yaran nan kowa da abin da yake yi, wane ne ke koyar da su?" Na ce: "Baba, a tsangaya ai kowane almajiri da inda allonsa ya tsaya. Wani yana Fatiha, wani ya kai izu goma, kuma ba a wanke wa yaro allo sai ya biya daidai." Ya gyaɗa kai ya ce to ai wannan ba baƙon abu ba ne. Tun daga ranar da wannan bayanin nake karɓar baƙi. Ainihin hajata ita ce damar komawa baya. Ɗan ajin Probatoire, ajin da ke kafin na Bak, ba zai taɓa ɗaga hannu a gaban 'yan ajinsu ya ce bai iya raba lamba mai waƙafi ba. A nan yana iya buɗe darasin 'yan firamare, da abin ji a kunnensa, ya gyara ɓarakar cikin mako biyu ba wanda ya sani sai ni.

Kayan aikin yawancinsu kyauta ne, abin da mutane ke mamaki ke nan. A kusurwar ɗaki akwai ƙaramar kwamfuta da ke zaman uwar garke, a kanta na ɗora Kolibri, manhajar da ƙungiyar Learning Equality ta Amurka ta ƙera domin wuraren da intanet ke wuya. Sau ɗaya ake sauko da darussa, daga nan duk tabilet da ke ɗakin tana jan su ta wayifai na cikin gida. Kowane yaro da sunansa a ciki, ni kuma ina ganin abin da ya gama da inda ya maƙale. A ciki akwai darussan Khan Academy, wadda Salman Khan ya kafa a 2008, waɗanda ƙungiyar Bibliothèques Sans Frontières ta fara mayarwa Faransanci tun 2013. Akwai GeoGebra don zane-zanen lissafi, akwai Wikipedia ta cikin Kiwix, wadda ba ta buƙatar data.

Wanda yara suka fi so shi ne PhET, gwaje-gwajen kimiyya da Jami'ar Kolorado ke yi tun 2002, aikin da Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel ta fizik a 2001, ya assasa. Yaranmu da yawa suna gama lise ba su taɓa haɗa waya da batir a ɗakin gwaji ba, haddar zane kawai suke yi. A kan tabilet yarinya tana jawo batir da ɗan yatsa, ta jawo ƙwan fitila biyu, ta jera su a layi ɗaya, ta ga haskensu ya dusashe. Ta sake haɗa su kowanne da reshensa, haske ya dawo. Ta cire ƙwai ɗaya, ɗayan ya ci gaba da ci. Sai ka ji ta ce, "Au, shi ya sa in ƙwan ɗakin Inna ya mutu namu ba ya mutuwa!" In kuma ta haɗa kan batir da gindinsa da waya tsura, sai hoton wuta ya tashi a jikin batirin, ɗakin ya kaure da ihu. Ban taɓa ganin wanda ya manta wannan darasi ba.

To amma da a ce sauko da kayan wasu ne duka aikin, da kowa ya buɗe irin shagona. Waɗancan darussa an tsara su ne a kan manhajar karatun Faransa da Beljiyam da Amurka. Babu tarihin Kamaru a ciki, babu taswirarmu, kuma jerin babukan ba su zo daidai da na ma'aikatar ilimin sakandare tamu ba. Saboda haka rabin lokacina yana tafiya ne wajen rubuta atisaye da kaina da H5P, wata manhaja kyauta da aka ƙirƙira a Norwe, wadda ke ba mutum damar haɗa tambayar zaɓi, da cike gurbi, da jan kalma a ajiye ta a muhallinta, da bidiyon da ke tsayawa ya yi tambaya kafin ya ci gaba.

Rubuta tambaya ba wuya. Wuyar tana wajen amsoshin da ba daidai ba. Ɗauki 1/2 a tara da 1/3. Amsa ita ce 5/6. Malalacin mai rubutu zai cike sauran gurabe da duk lambar da ta zo masa, yaro ya kuskure, na'ura ta ce "sake gwadawa", ba a ƙaru da komai ba. Ni sai na sa 2/5, domin na san akwai wanda zai tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Na sa 2/6, don wanda ya samo 6 a ƙasa amma ya manta ya sauya na sama. Na sa 1/6, don wanda ya ninka a maimakon tarawa. Kowace amsa da nata jawabin. Wanda ya taɓa 2/5 zai ga an rubuta masa: "2/5 ai bai kai rabi ba. Yaya za a ƙara wa rabi wani abu, ya ragu?" sannan hoton sanda biyu da aka yanka gida shida-shida ya fito. Tambaya ɗaya irin wannan tana iya cin yammaci guda, amma da ita nake gane irin ciwon da ke damun yaro ba tare da na tsaya a kansa ba. Waɗannan kurakurai kuwa ba daga littafi na samo su ba, daga takardun jarrabawar da na yi shekaru ina dubawa ne.

A tarihi, jerantawa nake so. Ana warwatsa wa yaro katuna ya tsara su: yarjejeniyar Jamus da sarakunan Duwala a 1884, shigowar Jamusawa Garwa a 1901, ƙwace garin da sojojin Ingila da Faransa suka yi a 1915, 'yancin kai ranar 1 ga Janairu 1960 a ƙarƙashin Ahmadu Ahijo, ɗan wannan gari, haɗewa da Kudancin Kamaru da ke hannun Ingila ranar 1 ga Oktoba 1961, da ƙuri'ar raba gardama ta 20 ga Mayu 1972. A labarin ƙasa yana jan sunayen jihohi 10 ya ɗora a taswira, sannan gundumomin Jihar Arewa huɗu da manyan garuruwansu: Binuwai da Garwa, Faro da Poli, Mayo-Luti da Gidar, Mayo-Rey da Collire. Za ka yi mamakin yawan 'yan Garwa da ba su san ta wane gefe Poli take ba.

Akwai kuma batun harshe. Yaro yana tashi da Hausa ko Fulatanci a gida, ya je makaranta a yi masa komai da Faransanci. Sau tari lissafin bai gagare shi ba, jimlar tambayar ce ta gagare shi. Don haka a darussan ƙananan azuzuwa na sa maɓalli da in an taɓa za a ji bayani da Hausa, wani da Fulatanci. Muryar Hausar tawa ce, ta Fulatancin ta wata ɗalibar jami'a ce da ke taya ni aiki. Tambayar kanta da amsarta suna nan da Faransanci, domin da shi za a zana jarrabawa.

Babban abokin gabar wannan sana'a shi ne canki-canki. Yara suna da wayo: su taɓa wannan, ya yi ja, su taɓa wancan, har kore ya fito, su ce sun gama babi. Shi ya sa ba mai zama a teburina sai da littafin gwaji da biro. Duk amsar lissafi sai na ga aikinta a takarda, in babu, babin bai ƙirgu ba ko da na'ura ta ba shi maki cikakke. Ranar Asabar kuma ana rufe tabilet duka, a yi gwajin hannu, a ba da maki bisa 20 kamar yadda ake yi a makaranta. Masu cewa yaro zai koyar da kansa in dai an miƙa masa waya, ina ganin ba su taɓa zama da ɗan shekara 13 ba. Gudun nasa ne, amma sai da mai tsaro.

Akwai kuma abin da na'ura ba ta iyawa, kuma nakan faɗa wa iyaye tun ranar farko. Ba ta duba insha'i. Ba ta duba muƙalar falsafa ta 'yan Bak, ba ta bin hujjar lissafin siffofi layi-layi ta ce a nan ka yi tsalle. Waɗannan sai malami da jan biro. Akwai malamai biyu da ke zuwa yammacin Laraba, ranar da ake tashi makaranta da wuri, ina biyan su gwargwadon takardun da suka duba.

Wuta ita ce ke cin jari. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogaro da madatsar Lagdo a kan kogin Binuwai, wadda aka gama a 1982, kuma in ruwa ya ja baya a rani wutar ma takan ja baya. Tashoshin hasken rana na Gidar da Marwa sun rage raɗaɗin, amma ni dai faifan sola da batir na dogara da su. Daga Maris zuwa Afrilu zafi yakan haura digiri 40, daidai lokacin da ɗaki ke cika maƙil da masu shirin jarrabawa. Tabilet takan yi zafi ta kashe kanta, batir yakan kumbura. Da hunturu kuma ƙura ce, kowace safiya sai an bi ramukan caji da burushi.

Kuɗin shiga ba yawa, amma yana zuwa. Zaman awa ɗaya sefa 200, na wata sefa 3,000, masu 'ya'ya da yawa ina rage musu. Yawanci ta waya ake biya, da Orange Money ko MoMo, wasu kuma sai an sayar da auduga ko gyaɗa. Daga Maris zuwa Yuni ake samun na shekara. Yuli da Agusta shago yakan yi tsit, sai in cike gurbin da koyar da buga rubutu da Scratch, manhajar koya wa yara shirya kwamfuta, ga ƙanana, da ɗab'in takardu. Da azumi ana komawa safiya da bayan tarawihi. Rashin intanet a kan tabilet, wanda da farko aka ɗauka naƙasu ne, shi ya fi kawo mini 'yan mata, domin uba ya san babu Facebook babu TikTok. Suna da nasu lokacin da nasu ɗakin, mataimakiyata ke kula da su.

Waɗanda suka fi ba ni sha'awa ba 'yan makaranta ba ne. Akwai matan aure da suka bar karatu a aji na biyu ko na uku a lise, yanzu suna son zana BEPC daga waje. Akwai masu haya da babur da ke zuwa bayan isha'i, da 'ya'yan 'yan kasuwa da suka taso a Yola ko Mubi da Ingilishi, suka dawo suna neman Faransanci. Su ba sa canki-canki, kuɗin guminsu ne. Wata Hajiya mai sayar da atamfa ta shafe damina guda a kan ninkawa da rabawa kaɗai, ta ƙi matsawa sai da ta daina duba teburin ninki.

Atisayen da na rubuta ban kulle su ba. Malaman ƙauyukan wajen Pitowa da Ngong sukan zo da katin waya in zuba musu, na kuma san daga nan suna yawo waya zuwa waya. Wani abokina ɗan kasuwa ya ce ina zubar da jarina. Ni lissafina daban: wanda ya kwafa ba ya rage mini kujera ko ɗaya, kuma sharaɗin da na gindaya musu shi ne su riƙa aiko mini da amsoshin banza da ɗalibansu suka fi bayarwa. Da waɗannan nake rubuta babin shimi na 'yan Probatoire yanzu, wanda nake so ya kammala kafin hutun Disamba.