Na yafe masa, amma a ɗaure shi

Wata uku kenan ina fama da wasu littattafai da na faɗa cikinsu ba shiri, ƙagaggun labaran Kirista na kotu da lauyoyi, irin waɗanda marubutan Amurka suka fi yi. In baku taɓa karantawa ba ga yadda abin yake tafiya, akwai wata mace da aka ci zarafinta tana ƙarama ko a gidan aure, ta binne abin a cikinta shekara da shekaru, sai wani abu ya zo ya tono shi, sai ga lauya mai tsoron Allah wanda shi ma yana da nashi tabon da yake ɓoyewa, sai a shiga shari'a, ana bugo waya tsakar dare ana barazana, mai ba da shaida ya ɓace ana gobe zama, irin abin nan dai da zaka ce bari in ƙara babi ɗaya kawai sai ka ji zakara ya yi cara. Na karanta guda tara. Biyu a tsakiya na ajiye su kuma bana jin zan koma.

Abin da ya sa na ajiye su ba rashin daɗin labari bane, gaggawar yafiya ce. Kun san yadda ake yi, mutum 12 ɗin nan da ake kira juri su dawo su ce wanda ya ci zarafinta yana da laifi, kotu ta kaure, babi na gaba ta je gidan yari ta zauna ta bayan gilashi ta ce masa na yafe maka, ya fashe da kuka ya tuba nan take, ta fito iska na kaɗa ta, ciwon shekara 20 ya warke tas, shafi biyar gaba kuma ta auri lauyan. Haba! Duk wanda ya taɓa zama da wadda aka yi wa irin wannan abin ya san ba haka yake ba, hukuncin alƙali daban, barcin dare daban, kuma ba sa zuwa rana ɗaya.

Waɗanda suka burge ni sune waɗanda marubucin ya san shari'a da gaske, ya san inda take ciwo. Abu na farko wa'adin shigar da ƙara. A jihohin Amurka da yawa doka na da iyakar shekarun da zaka iya kai ƙara, in sun wuce shikenan ko da hujjarka ta kai dutse nauyi. To su kuma yaran da aka lalata ba sa magana da wuri. Hukumar bincike da Ostireliya ta kafa daga 2013 zuwa 2017 kan lalata da yara a cibiyoyi ta gano cewa a matsakaici sai da waɗanda suka ba ta labarinsu suka yi wajen shekara 24 kafin su iya faɗa wa kowa. Shekara 24! Wato ranar da bakin ya buɗe, ƙofar kotu ta daɗe da rufewa. Shi ya sa jihar New York ta yi doka a 2019 ta buɗe wani ɗan lokaci na musamman da tsofaffin ƙararraki zasu iya shiga komai daɗewarsu, aka kuma tsawaita shi har Agustan 2021, kuma dubban ƙararraki suka shigo. Marubucin da ya san wannan baya buƙatar ƙirƙiro ɗan bindiga a cikin duhu don ya tayar maka da hankali, kalanda kaɗai ta isa, saura kwana tara wa'adi ya cika kuma matar har yanzu ta kasa furta sunan mutumin.

Sai kuma bambancin shari'ar laifi da ta neman diyya. A ta laifi gwamnati ce ke ƙara, wadda aka zalunta shaida ce kawai, ba ita ke yanke shawarar a ci gaba ko a daidaita ba, kuma sai an tabbatar da laifin ta yadda babu sauran kokwanto mai ma'ana. A ta diyya kuwa ita ce mai ƙara, kuma ya isa a nuna cewa maganarta ta fi rinjaye. Amma nan ɗin ma akwai tarko, lauyoyin ɗaya ɓangaren su zo da kuɗi masu kauri da takarda su ce ki sa hannu bazaki sake ɗaga maganar a ko'ina ba. Wani littafin da na karanta rabinsa kaf a kan wannan takardar yake, ta karɓa ta biya kuɗin asibiti da na mai ba ta shawara, ko ta ƙi don kar ya samu wata yarinyar. Ni dai na kasa ce mata ga abin yi. Ga kuma ranar da lauyan wanda ake tuhuma zai tsayar da ita yana mata tambayoyin ƙure, me ya sa baki yi ihu ba, me ya sa kika ci gaba da gaishe shi, me ya sa sai yanzu. Tun shekarun 1970 Amurka ta fara dokokin da suka hana a tono tarihin mace na kwanciya don a zubar mata da mutunci a irin wannan shari'ar, amma lauyan da ya ƙware yana da hanyoyi ɗari na sa mutum ya ji kamar shi ake tuhuma.

Yanzu ga inda nake so in daɗe, maganar coci. Wasu marubutan kullum mugun daga waje yake, mashayi ne, baya zuwa sujada, da ka gan shi ka san shi ne. Wannan ragon rubutu ne kuma tsoro ne. A 2002 jaridar Boston Globe ta tona yadda ake ɗauke firistocin Katolika da suka lalata yara daga wannan coci a mayar da su wancan a rufe maganar. A 2018 rahoton masu bincike na jihar Pennsylvania ya ambaci firistoci sama da 300 da yara sama da 1,000. Kar kuma wani ya ce ai na Katolika ne, a 2019 jaridar Houston Chronicle ta kawo mutum wajen 700 da aka ci zarafinsu cikin shekara 20 a cocin Baftis na Kudu. Don haka labarin da mugun shi ne malamin matasa da kowa ke yabo, mai murya mai daɗi wajen addu'a, wanda ya kai wa uwar yarinyar taimako lokacin da mijinta ya rasu, wannan shi ya fi kusa da abin da ke faruwa. Kuma abin da ya fi ƙona rai a irin labarin ba shi bane ma, zaman dattawa ne. A kira ta a ofis, a ce 'yarmu ki yi haƙuri, kar ki ɓata sunan aikin Allah, a buɗe mata Matiyu 18 a Littafi Mai Tsarki a ce ai ke da shi ya kamata ku fara zama, a buɗe 1 Korintiyawa 6 a ce ɗan'uwa baya kai ɗan'uwa kotu, a rufe da ayar yafiya bakwai sau saba'in. Aya daidai, amfani da ita mugunta. Babu mai buɗe Romawa 13 inda aka ce mai mulki ba a banza yake riƙe da takobi ba, babu mai komawa baya kaɗan a cikin Matiyu 18 ɗin nan dai, aya ta 6, inda Yesu ya yi maganar dutsen niƙa a wuyan wanda ya sa ƙaramin yaro tuntuɓe.

Ni littattafan nan ma su suka mayar da ni 2 Sama'ila 13, labarin Tamar, wanda ban taɓa jin an yi wa'azi a kansa ba. Amnon ɗan ubanta ya yi mata fyaɗe, wanta Absalom yace ta yi shiru kar ta sa abin a ranta, babansu Dawuda ya ji ya yi fushi ƙwarai, sai me? Bai yi komai ba. Sarki guda, shi ne kotun ƙasar. Tamar ta zauna a gidan wanta a kaɗaice, bayan shekara biyu Absalom ya sa aka kashe Amnon, gidan ya wargaje. Littafi Mai Tsarki bai yi wa labarin kwalliya ba, bai ƙara babin da ta warke ta yi aure ba. To in shi bai ji kunyar barin ciwon a buɗe ba, me ya sa marubucinmu zai ji dole sai ya ɗaure komai da zare mai kyau kafin shafi na 300?

Akwai mace ɗaya ta gaske da nake auna duk jaruman littattafan nan da ita, Rachael Denhollander. Lauya ce, Kirista ce, ita ce ta fara fitowa da sunanta a 2016 ta zargi Larry Nassar, likitan 'yan wasan alkafura na Amurka, wanda ya ci zarafinta tana shekara 15. A Janairun 2018 mata sama da 150 suka yi magana a kotu a Michigan gaban alƙaliya Rosemarie Aquilina, ita ce ta ƙarshe. Ta tuna masa cewa ya shigo kotu riƙe da Littafi Mai Tsarki, ta ambato masa maganar dutsen niƙa da ke ciki, tace tana masa addu'a ya ji nauyin laifinsa ya danne shi har ya kai ga tuba ta gaske, tace ita ma ta miƙa masa yafiyarta. A tsayuwa ɗayan nan kuma ta roƙi kotu ta ba shi hukunci mafi tsanani. Aka yanke masa shekara 40 zuwa 175. Bata ga wani karo tsakanin biyun ba ko kaɗan. Kuma a cikin jawabin nan tace tsayawar da ta yi wa waɗanda aka zalunta ta sa ta rasa cocinta. Da marubuci ne ya ƙaga wannan da an ce ya cika zuzutawa.

Wani ɗan ƙorafi a gefe, wasu marubutan na wuce gona da iri wajen bayyana abin da aka yi wa yarinyar dalla-dalla kamar mai ɗaukar hoto. Ba a buƙata. Cikin masu karatun akwai waɗanda abin ya faru da su, in kina cikinsu ki tambayi wadda ta riga ki karantawa kafin ki fara, kuma ba laifi bane ki tsallake babi. Waɗanda suka iya rubutu rufe ƙofar suke yi, su nuna maka ita bayan shekara 15 ta kasa zama a ɗakin da aka kulle, ko wata waƙar sujada da in aka ɗauko sai ta fita waje ta yi amai.

Wanda ya fi zauna min a rai cikin taran nan, ba a ma ci shari'ar yadda ake so ba. Wa'adin tuhumar laifi ya wuce, ta diyya kawai aka samu, mutumin bai kwana ko ɗaya a gidan yari ba, abin da aka iya kawai an raba shi da aikin yara kuma sunansa ya shiga takardun kotu inda kowa zai gani. Tana zuwa wajen mai ba da shawara duk mako, wani makon ta fasa. Maganar yafiya kuwa tace wa lauyanta wata ranar tana ji ta yafe, washegari ta farka ta ga abin na nan inda yake, sai ta sake ɗauka daga farko. A shafin ƙarshe ta shiga wata coci daban bayan shekaru bata taka ko ɗaya ba, ta zauna a bencin baya dab da ƙofa jakarta a cinya, ta tashi ta fita kafin addu'ar rufewa. Na juya shafi ina neman sauran, babu. Na ɗan ji haushi a daren, har na tura wa wadda ta ara min littafin saƙo nace ina ƙarshen yake.

Na goma na nan a gefen gado tun shekaranjiya. Na yi abin da ban saba ba, na leƙa babin ƙarshe tukuna, na ga kalmar ango a layi na uku, har yanzu ban buɗe shafin farko ba.