Dokar kare wayoyin sadarwa da layukan wuta: abin da ta tanada da inda ta tsaya

A shekarar 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu a kan umarnin da ya ayyana wayoyin fayiba (masu zaren gilashi da ke ɗaukar saƙo ta haske), turakun sadarwa, cibiyoyin adana bayanai da makamantansu a matsayin muhimman kadarorin ƙasa. Masu harkar sadarwa sun yi shekaru suna roƙon a yi hakan, don haka da yawa sun ɗauka daga ranar an gama da matsalar tsinke waya. Har yanzu ana tsinkewa a Abuja da kewaye, kuma wani ɓangare na dalilin yana cikin rubutun dokar kanta.

Tushen umarnin shi ne Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. Sashe na 3 ya ba shugaban ƙasa ikon ayyana wata na'ura ko hanyar sadarwa a matsayin kadarar da lalacewarta za ta taɓa tsaro, tattalin arziki ko lafiyar jama'a, bisa shawarar Mai Ba Shi Shawara kan Harkokin Tsaro. Sashe na 4 ya ba da damar wannan ofishi ya riƙa binciken halin da kadarorin ke ciki. Hukunci yana sashe na 5: ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ba tare da zaɓin tara ba, shekara 15 idan wani ya ji mummunan rauni, ɗaurin rai da rai idan an rasa rai. Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumin shari'ar. Manufar tsaron intanet ta ƙasa da aka sabunta a 2021 ta lissafa fannoni 13 da suka haɗa da wuta, ruwa, sadarwa, banki, lafiya da sufuri. A gefe guda kuma akwai Dokar Laifuffuka Daban-daban, wadda tun zamanin soja ta tanadi hukunci mai tsanani ga mai taɓa wayar wuta ko bututun mai, ga Dokar Wutar Lantarki ta 2023, ga jami'an Sibil Difens da dokarsu ta ɗora wa gadin irin waɗannan kayayyaki. Ta fuskar hukunci ba mu da ƙarancin doka.

Sai dai sashe na 5 yana magana ne a kan wanda ya aikata da gangan. Wanda ya fi kowa tsinke fayiba ba ɓarawo ba ne, direban katafila ne da ke aikin hanya ko magudanar ruwa, wanda ba a taɓa nuna masa taswirar abin da ke ƙarƙashin ƙasa ba. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta ce an tsinke fayiba fiye da sau 50,000 a 2024, kusan 30,000 daga ciki a wuraren aikin hanya. Lauyan gwamnati ba zai sha da sauƙi ba wajen tabbatar wa alƙali cewa wannan direba ya yi niyyar yi wa ƙasa zagon ƙasa. Abin da ya kamata a hukunta shi ne haƙa ba tare da tambaya ba, kuma wanda ya kamata ya ɗauki nauyin shi ne kamfanin da aka ba kwangila, ba yaron da ke riƙe da sitiyari ba.

Yana da kyau a san yadda ake binne wayar, domin nan ne rabin ɓarnar ke farawa. Ƙa'idar da aka saba ita ce ramin ya kai zurfin kamar mita 1.2, a shimfiɗa yashi, a jera bututun roba mai kauri wanda faɗinsa kan kai milimita 40, a zura wayar a ciki, a rufe, sannan a shimfiɗa kintinkiri mai launi kamar santimita 30 a saman bututun. Amfanin kintinkirin shi ne haƙorin katafila ya fara cin karo da shi kafin ya kai ga waya. A tsakani ana gina ramukan duba masu murfi, a bar ragowar waya a naɗe a ciki saboda ranar gyara. Idan za a tsallaka kwalta, ana huda ƙarƙashinta da inji maimakon a yanka ta.

Wannan a takarda ke nan. Masu haƙa da diga ana biyansu ne da yawan mitar da suka haƙa, ba da zurfinta ba, kuma ƙasar Abuja dutse ce a wurare da yawa, musamman wajen Mpape, Katampe da Asokoro. Da diga ta fara tartsatsi sai a tsaya a rabin mita, a rufe kafin mai duba aiki ya iso. Inda dutse ya hana zurfi, abin da ya dace shi ne a sa bututun ƙarfe ko a zuba kankare a kai, amma wannan ƙarin kuɗi ne da ba kowane ɗan kwangila ke son fitarwa ba. Damina biyu ta wanke ƙasar, sai ka ga bututu a fili a bakin kwalbati. Ga kuma wata matsalar da ba a cika magana a kai ba: fayiba gilashi ce, idan ba a haɗa ta da siririyar wayar ƙarfe ta bibiya ba, na'urar gano waya ba za ta ji ta daga sama ba. Ko ɗan kwangilar yana da niyyar kiyayewa, sai da taswirar yadda aka binne a zahiri, kuma sau da yawa taswirar da ke ofis ta yadda aka tsara ce, ba ta yadda aka yi ba.

Idan ta tsinke, injiniya kan haɗa na'urar gano tsinkewa da ake kira OTDR daga ɗakin na'urori, ta harba haske cikin zaren, ta auna inda ya dawo, ta ce ga tsinkewa a mita kaza. Tsawon waya take aunawa, ba tsawon titi ba, don haka duk ragowar da aka naɗe a ramukan duba sai an cire ta daga lissafi, in ba haka ba a yi ta tono a inda babu komai. Bayan an gano wurin sai a kawo sabon yanki, a fere kowane zare, a goge shi, a yanke shi daidai, a narka shi da ɗan'uwansa a cikin injin haɗi. Kaurin zaren kamar na gashin kai ne, kuma waya ɗaya kan ɗauki 48 ko 96 ko fiye, a jere bisa launi goma sha biyu. Tun da yanki aka saka, bakin biyu za a haɗa, aikin ya ninka. Ana wannan ne a bakin titi, wani lokaci cikin ruwan Agusta, da fitilar hannu. Kowane haɗi yana rage ƙarfin haske kaɗan, shi ya sa layin da aka tsinke sau da yawa kan kai matsayin da faci ba ya yi masa, sai an sake shi gaba ɗaya. Duk tsawon wannan lokaci mai POS a kasuwar Wuse yana ce wa mutane babu netwok.

Maganin da injiniyoyi suka sani shi ne zobe: a kai waya wuri ta hanyoyi biyu, idan ɗaya ta yanke saƙo ya bi ɗayar. Amma zoben da ƙafafunsa biyu ke kwance a rami ɗaya, ko suke tsallaka gada ɗaya, sunan zobe kawai yake da shi. Kamfanoni na yin haka ne saboda kuɗin izinin bin hanya. An amince tun 2013 a kan naira 145 kowace mita, aka sake jaddadawa a 2020, wasu jihohi ma suka yafe, wasu kuma suka ci gaba da karɓar abin da ya ninka haka ta wasu sunaye. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamnoni, a Abuja kuma ministan birnin ne ke riƙe da ita a madadin shugaban ƙasa, manyan hanyoyin tarayya kuma na Ma'aikatar Ayyuka ne. Umarnin shugaban ƙasa bai sauya wannan rabon iko ba. An kafa kwamitin haɗin gwiwa tsakanin Ma'aikatar Ayyuka da ta Sadarwa a 2025 domin wannan matsala, kuma mataki ne mai kyau, amma a ganina ba zai wadatar ba sai an rubuta sharaɗin a cikin kowace takardar kwangila: sanarwa kafin haƙa, tono da hannu a kusa da waya, kuɗin kawar da waya a cikin kasafin aikin tun farko. A Amurka lamba ɗaya ce, 811, ake kira kwanaki kaɗan kafin a haƙa, masu wayoyi da bututu su zo su shafa fenti a inda kayansu ke bi. Ba fasaha ce mai tsada ba, tsari ne da doka ta tilasta.

Darasin zobe ya fi fitowa fili a harkar wuta. A Oktoban 2024 layin Shiroro zuwa Kaduna yana kwance saboda an lalata turakunsa a yankin da 'yan bindiga suka hana shiga, sai layin da ke tasowa daga Ugwuaji a jihar Enugu ta Apir a jihar Benuwai zuwa Jos shi ma ya faɗi. Yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda a duhu, asibitoci da masu niƙa da masu sayar da ƙanƙara duk suka ɗanɗana. Ƙa'idar aikin ita ce tsarin ya iya jure rasa layi ɗaya, amma wanda ya riga ya rasa ɗaya ya zauna a haka, jiran na biyu kawai yake yi. Masu sata ba sa kayar da turke a dare ɗaya. Ƙarafan ƙasa suke kwancewa ɗaya bayan ɗaya, sai iskar farkon damina ta ƙarasa. Walda notunan ƙasa da sintiri a kan lokaci suna rage wannan sosai. A Janairun 2025 kuma an sace wani yanki na babbar wayar wuta ta ƙarƙashin ƙasa kusa da Millennium Park, a tsakiyar Abuja. Jan ƙarfe da murfin rami ba sa tafiya ko'ina sai wurin mai saye, don haka rufe kasuwannin fanteka na mako biyu da aka yi a watan ba zai maye gurbin rajistar dillalai ba, inda kowane mai saye zai rubuta wanda ya kawo kaya da abin da ya kawo. Mafi yawan 'yan jari bola neman halal suke yi, kuma rajista tana kare su daga kamun kan mai uwa da wabi.

Ɓangaren kutse ta intanet ya ɗan fi tsari. Gyaran 2024 ya rage wa'adin kai rahoton hari daga kwana 7 zuwa awa 72, ta hannun cibiyar tsaron intanet ta fannin da kamfanin yake zuwa ngCERT, cibiyar gaggawa ta ƙasa kan hare-haren intanet. Tarar ƙin kai rahoto naira miliyan 2 ce, abin da banki ko kamfanin sadarwa ba zai ji a jikinsa ba. Dokar NIS2 ta Tarayyar Turai ta 2022 tana neman gargaɗin farko cikin awa 24, cikakken bayani cikin awa 72, rahoton ƙarshe cikin wata guda, tara kuma tana iya kai yuro miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na cinikin kamfani a duniya, kuma shugabannin kamfanin da kansu ake tuhuma.

A matakin duniya, abin da ya fi shafar mu shi ne wayoyin ƙarƙashin teku. Ranar 14 ga Maris, 2024 wayoyi huɗu, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, ayyukan bankuna suka samu cikas har a Abuja da ke da nisan ɗaruruwan kilomita daga teku. Gyaran ya ɗauki makonni, domin jiragen gyara kaɗan ne kuma daga nesa suke tasowa. Kariyar waɗannan wayoyi tsohuwa ce, tun yarjejeniyar Paris ta 1884, sannan Yarjejeniyar Dokar Teku ta 1982 wadda Najeriya ke ciki. Sashe na 113 ya wajabta wa kowace ƙasa ta hukunta jirginta idan ya tsinke waya da gangan ko ta mummunan sakaci. Sashe na 114 ya ce wanda ya lalata wayar wani yayin shimfiɗa tasa shi zai biya gyara. Sashe na 115 ya ce a biya mai jirgin da ya sadaukar da anga ko komarsa don kada ya tsinke waya. Waɗannan abubuwa uku, hukunta sakaci, ɗora kuɗin gyara a kan mai ɓarna, da saka wa wanda ya kiyaye, su ne ainihin abin da dokarmu ta tudu ke buƙata. Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta kafa kwamitin ba da shawara kan wayoyin teku a ƙarshen 2024, ministan sadarwa Bosun Tijani yana cikin shugabanninsa biyu, aka yi taronsa a Abuja a Fabrairun 2025. Abin da za a auna mu da shi shi ne saurin ba jirgin gyara izinin shiga ruwanmu da fitar da kayansa daga kwastam.

Game da harin da wata ƙasa za ta kai wa wata, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idoji 11 da ƙwararru suka tsara a 2015, ciki har da cewa kada ƙasa ta lalata muhimman kayayyakin wata ta intanet. Na sa kai ne, babu kotun da ke tilasta su, kuma a Disambar shekarar aka kashe wa wani yanki na Yukren wuta ta hanyar kutse. Abin da ya fi amfani a aikace shi ne Yarjejeniyar Budapest ta 2001, wadda Najeriya ta shiga a 2022, domin tana ba mai bincike a Abuja hanyar neman wata ƙasa ta adana shaidar kwamfuta cikin gaggawa kafin a goge ta.

Ga mai gini ko shugaban unguwa a Lugbe, Kubwa ko Gwarinpa da zai haƙa magudana ko ya ja ruwa: a duba bakin titi ko akwai ƙananan turakun kankare masu alama ko murfin ramin duba, a ɗauki hotonsu, a sanar da kamfanin da sunansa ke jiki a rubuce, a tona ramin gwaji da shebur kafin inji ya shiga. Idan kintinkiri mai launi ya fito, a tsaya. Idan an riga an tsinke, kada a mayar da ƙasa a rufe, kuma kada kowa ya leƙa bakin zaren da ido, domin hasken da ke ciki ba a ganinsa amma yana iya lahanta ido. A kira kamfanin nan take, a bar wurin a buɗe da shinge har masu gyara su iso.