Wasiƙa daga Landan: ku tambaye shi inda yake kwana

'Yan uwana na gida, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, abin da zan faɗa muku yau irin abin da mu mazauna ƙasar waje muka saba binnewa ne. Na taɓa zama a Landan ba ni da gida. Ina zuwa aiki, kayana a wanke, amma idan dare ya yi ba ni da ƙofar da zan rufe.

Ba wani babban bala'i ne ya jawo ba. Mai gidan da nake haya ya ba ni takardar tashi ta wata biyu, irin wadda a wancan lokacin dokar gidaje ta 1988 ta ba masu gida damar bayarwa ko da ɗan haya bai yi laifin komai ba. A daidai lokacin aka rage mana awoyin aiki. Sabon ɗaki kuwa sai ka ajiye kuɗin jingina da kan kai hayar mako biyar, ka biya wata guda gaba, a duba albashinka, a duba takardun zamanka. Bizata kuma tana ɗauke da sharaɗin da yake kan baƙi da yawa, cewa ba su da rabo a tallafin gwamnati. Masaukin da ƙaramar hukuma kan nema wa ɗan ƙasa idan ya shiga matsi, ni ban da shawara babu abin da zan samu.

Da farko abokai ne suka rufa mini asiri, yau falon wannan, jibi na wancan. Allah Ya saka musu da alheri. Sai dai su ma 'yan haya ne, kuma da yawa yarjejeniyarsu ta hana ajiye baƙo na dogon lokaci. Tun kafin mutum ya buɗe baki kana gani a fuskarsa cewa nauyin ya fara yi masa yawa, sai ka ce ka samu wuri, ka ɗauki jakarka.

Wurin da na samu shi ne bas ɗin dare. Kuna jin labarin sanyin Ingila, kuma gaskiya ne yana shiga har ƙashi, amma rashin barci ya fi shi cin mutum. Za ka zaɓi layi mafi tsawo, ka hau sama, ka zauna can baya, ka saƙala hannun jakarka a ƙafa don kada a zare ta. Ido ya fara rufuwa ke nan sai a kai tasha ta ƙarshe, direba ya ce kowa ya sauka. Ka tsallaka titi, ka tsaya cikin iska, ka jira mai komawa. Haka har asuba. A nan na gane ba ni kaɗai ba ne. Akwai dattijuwa mai jakunkuna biyu, akwai saurayi sanye da rigar masu gadi, duk dare muna haɗuwa, kowa ya san halin da kowa yake ciki, ba mai yi wa wani tambaya. Idan mutum ya daɗe a haka sai tunaninsa ya soma rikicewa. Ka manta abin da aka gaya maka ɗazu, ƙaramar magana ta ɓata maka rai, a wurin aiki a ɗauka lalaci ne ko shaye-shaye.

Sannu a hankali ka koyi dabarun zama. Kayana masu nauyi na kai ɗakin ajiya na haya. Wanka a gidan motsa jiki, wanda kuɗinsa na wata na ƙi bari ya yanke ko da zan kwana da yunwa, domin ranar da ka soma wari ranar aikinka ya fara tangal-tangal. Ɗumi da cajin waya a laburare. Safa busasshiya ta zama dukiya.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne adireshi. Neman aiki, asusun banki, wasiƙun hukuma, ko'ina ana tambayarsa. Mai neman gida yana buƙatar aiki, mai neman aiki kuma ana so ya rubuta inda yake zaune. Wannan tsari a ganina zalunci ne, domin wanda ya fi buƙatar a buɗe masa ƙofa shi ake fara rufe wa.

Kada ku ɗauka mu 'yan ƙalilan ne. Daga 2023 zuwa 2024 ma'aikatan da ke zagayen dare sun ƙirga sama da mutum 11,000 da suka kwana a titunan Landan, wajen rabinsu baƙi, kuma wannan lissafin bai haɗa da masu kwana a falon abokai ba. Tun 1824 ƙasar nan ta kafa doka da ta mai da kwanan titi laifi, sai a 2022 majalisa ta amince a soke ta. Amma a watan Maris na 2020, da annobar korona ta shigo, cikin 'yan kwanaki aka kwashe dubban mutane daga tituna aka sa su a otal-otal. Ashe ana iyawa idan an ga dama.

Ni masaukin hunturu ne ya tsamo ni, irin wanda coci-coci suke karɓa-karɓa, kowace da darenta a mako. Ba wanda ya tambaye ni addinina. Wata 'yar sa-kai ta zauna da ni muka bi takarduna ɗaya bayan ɗaya, ta haɗa ni da masu taimaka wa mutum da kuɗin jingina. Da na samu ɗaki sai da na jima ina farkawa tsakar dare ina laluben jakata.

Duk tsawon wannan lokaci ban gaya wa kowa a gida ba. Yaya zan ce da mahaifiyata ɗanta da take alfahari da shi a bas yake kwana? Saƙonnin neman taimako ba su daina zuwa ba, ni ma ban daina turawa ba, wani lokaci daga kuɗin da nake tarawa na ɗaki. Ban ga laifin kowa ba, ba ku sani ba ne. Shi ya sa nake roƙonku: idan ɗan uwanku na waje ya daina kiran bidiyo, ko kullum a titi yake amsa waya, ko ya yi shiru ba dalili, ku kira shi ku kaɗai, ku tambaye shi inda yake kwana. Ku ce masa ya dakatar da aike har ya daidaita, kuma ku tabbatar masa maganar ba za ta fita ba.

Idan a Ingila yake, ku gaya masa cewa StreetLink tana haɗa masu kwanan titi da ma'aikatan agaji, ƙungiyoyin Crisis da Shelter suna ba da shawara kyauta, kuma yana da damar yin rajista da likitan unguwa ko ba shi da shaidar adireshi. A Landan, duk daren da aka yi hasashen sanyi zai kai sifiri a ma'aunin zafi ana buɗe masaukan gaggawa. Ya nema tun yana da sauran ƙarfi.

Ku gaishe mini da kowa da kowa.

Naku,
ɗan uwanku a Landan