Jinyar Hajiya

Tunda shanyewar ɓarin jiki ta kama Hajiyarmu a nan Shara Mansur ni ke kwana da ita, a juya ta duk awa 2 kar bayanta ya yi gyambo, ga awon suga ga wanka, ga zafin Makka. Duk wanda ya shigo sai "ya jikin Hajiya", ba mai tambayar nawa. Jiya ƙanwata ta zo daga Jidda tace Yaya don Allah tashi ki fita, na tafi Harami bayan isha'i nayi ɗawafi a hankali na sha zamzam, na dawo nayi barci har asuba wallahi. Yanzu daren Alhamis nata ne, ni kuma zan je asibiti a duba min bayan nan.