Injin yanka da harafin Ƙ

Jakunkuna 40 aka kawo min, na yadi masu ruwan madara, a rubuta musu "Ƙawayen Amarya" da ruwan gwal. Biki ranar Asabar a Unguwar Rimi, aiki kuma ya iso hannuna ranar Laraba da yamma. Lokacin watana biyu kacal da sayen injin yanka leda mai aiki da kwamfuta, ina ta ɗokin samun babban aiki. Na sauko da wani salon haruffa mai kama da rubutun hannu, irin wanda 'yan firintin ke ce wa fon, na buga kalmomin, na juya su kamar a madubi yadda ake yi wa ledar fileks da ake mannawa a jikin yadi, na saki inji. Sai da na manna 12 da injin zafi sannan uwar amarya ta leƙo shagona a Tudun Wada.

Ta ɗaga jaka ɗaya ta daɗe tana kallo. Ta ce, "'Yar nan, wannan harafin na farko ai ba ɗan gidan ba ne."

Gaskiyarta. Sauran haruffan duk sun kwanta suna riƙe da juna, shi kuwa Ƙ yana tsaye sandarare, mai kauri, shi kaɗai. Wanda ya zana wannan fon bai taɓa sa Ƙ a ciki ba, sai kwamfuta ta aro shi daga wani fon ɗin ta cike gurbin, ni kuma idona bai kama ba. Na ce, "Hajiya, ko a mai da shi K kawai? Haka mutane da yawa ke rubutawa." Ashe tsohuwar malamar Hausa ce. Ta ce in an cire lanƙwasar nan, ƙasa ta koma kasa, maciji ke nan, ƙafa kuma ta koma kafa. Ta ce ba za ta raba wa baƙinta kuskure ba. Ban ji daɗi a lokacin ba, saboda asarar leda da jaka a kaina take, amma ban sake ba wa kowa shawarar cire lanƙwasa ba tun ranar.

Ƙanena da ke karatu a Kaduna Polytechnic ne ya fitar da ni a daren. Ya ce, "Yaya, ki daina rubutu a manhajar inji, ki zo in nuna miki Inkscape." Manhaja ce ta kyauta, ba rajista, ba kuɗin wata, kuma ba ruwanta da intanet in an riga an saukar da ita. Muka buga K na wannan fon ɗin, muka ba da umarnin da ke mayar da rubutu zane, sai harafin ya zama siffa mai ɗigo-ɗigo a gefenta waɗanda ake iya ja. Muka yanko lanƙwasar kan harafin f na fon ɗin, muka ɗora a hannun K na sama, muka haɗe su suka zama abu ɗaya. Ƙ ya fito kamar da shi aka haifi fon ɗin. Daga baya na zauna na yi wa kowane fon da nake yawan aiki da shi nasa Ƙ, ƙ, Ɗ, ɗ, Ɓ da ɓ, na adana su a wuri guda.

Kafin in sayi inji a 2022, na yi wata guda ina auna uku: Cricut, Silhouette Cameo da Brother ScanNCut. Mata da yawa kyan inji suke kallo da faɗin abin da yake yankawa. Abin da ya fi taimaka min shi ne da na gano cewa manhajojinsu ana saukar da su kyauta tun ba a sayi injin ba, sai na zuba su a laftof na yi ta gwadawa. Cricut da manhajarsa Design Space kaɗai ake sarrafa shi, ita kuma sai an buɗe asusu, kuma shigar da sabon zane yana bukatar intanet. A watan Maris na 2021 kamfanin ya sanar cewa wanda ba ya biyan kuɗin wata zane 20 kawai zai iya shigarwa a wata, sai da masu injin suka yi ca a kansa ya janye cikin 'yan kwanaki. Na yi lissafin data da yadda sabis ke ɗaukewa a unguwarmu, na ga ba zai dace da ni ba, duk da mutane da yawa suna jin daɗinsa saboda sauƙinsa. Brother yana da na'urar ɗaukar hoto a jikinsa, za ki zana abu a takarda ya ɗauka ya yanka, kuma yana karɓar aiki daga filas ba tare da kwamfuta ba. Masu ɗinki zai yi musu amfani ƙwarai. Ni rubutu ne rabin aikina, sai na ɗauki Cameo mai faɗin inci 12, domin manhajarsa Silhouette Studio tana aiki ba intanet, kuma duk fon da ke cikin kwamfutarki tana ganinsa.

Akwai abin da ya kamata ki sani tun wuri. Silhouette Studio ta kyauta ba ta buɗe fayil ɗin SVG, wanda shi ne Inkscape ke adana aiki da shi. Sai an sayi matakin Designer Edition, biya ɗaya ne ba na wata-wata ba. Kafin in samu wanda ya biya min da katin dala, ta wani nau'in fayil mai suna DXF nake bi, wanda ta kyautar ke buɗewa. Yana yi, sai dai haruffa masu lanƙwasa sukan zo da ɗigo masu yawa, ki ji inji yana tafiya yana tsayawa. Ranar da na fara aika SVG kai tsaye, har sautin injin ya canza.

Manyan shagunan firintin na cikin gari kuwa, kusan kowa manhajar zane ta CorelDRAW yake riƙe da ita, da dogayen injuna 'yan China masu yanka sitikar mota da allon shago. Wani dattijo mai irin wannan shago, da nake sayen leda a wurinsa, shi ya koya min gwajin yanka: ƙaramin murabba'i a gefen leda kafin kowane aiki, a ga ko wuƙa ta ratsa leda ba ta taɓa takardar baya ba. Shi ne kuma ya ambata min Sure Cuts A Lot, manhajar kuɗi da ke tuƙa injuna iri-iri har da na China. A da tana tuƙa Cricut ma, sai shari'a ta raba su a 2011. Duk wadda ke shirin ƙara babban inji nan gaba, ta duba ta, don kada ta koyi manhaja biyu.

Darasin da ya fi cin min leda shi ne na walda. Fon mai rubutun hannu, kowane harafi wutsiyarsa tana hawa kan na gaba. A allo ba a gani, amma wuƙa tana bin kowane harafi daban, sai ta yi ta datsa kalmar a mahaɗa. Dole a zaɓi kalmar a danna walda ta zama jiki ɗaya. Kuma a duba rubutu sau biyu kafin nan, don bayan walda babu gyaran harafi. Na kuma daina karɓar siririn rubutu da bai kai santimita 1 ba, komai roƙon mai kaya, saboda wajen tsince ledar da ba a so yake yagewa.

Sai aikin walimar saukar Alƙur'ani, wanda ya fi yawa idan Islamiyyu sun zo yaye ɗalibai. Larabci daga dama yake farawa, kuma harafi yana sauya kama gwargwadon inda ya faɗo a kalma. Wasu manhajojin sai su wargaza shi, su jera haruffa ɗai-ɗai daga hagu. Inkscape tana haɗa su daidai, don haka a can nake rubutawa, in mayar da shi zane, sannan in kai wa inji. Don haruffanmu na boko, fon ɗin Noto Sans na Google da Andika na ƙungiyar SIL duk suna da masu lanƙwasa a cike. Na ajami kuma akwai Alkalami, shi ma na SIL, wanda aka zana bisa salon rubutun hannu na ƙasar Kano. Ranar da na fara yanka shi, wani malamin allo ya ce kamar da tawada aka yi. Bayan tsincewa ina ƙirga ɗigo ɗaya bayan ɗaya, domin ɗigo guda in ya bi shara, harafin ta ya koma nun. Aya kuwa ba na yanka ta a riga ko jaka, komai kuɗin, don ban san inda za a shiga da su ba.

Yanzu mata uku nake koya wa aikin a shagon. Ranar farko ba ma kunna inji. Kowace takan buɗe manhaja ta buga "Ɓarawo ya ɗauki ƙwarya" da fon goma da ta zaɓa, ta ware waɗanda suka kawo haruffan duka. A makon jiya ɗaya daga cikinsu ta samu biyu cikin goma, sai muka zauna muka fara gina wa na ukun nasa ɗ daga kan harafin d.